Maganar a ba kowa bindiga, da abin da na ce ma kawuna

Satin da ya wuce kawuna ya shigo gari daga ƙauyenmu can wajen Giwa, ya sauka wajena a Rigasa kwana biyu. Maharbi ne tun yana saurayi, gadon gidansu ne, yanzu gemu duk ya yi fari. Bayan isha'i muna zaune a ƙofar gida sai ya ce min, "Kai da kake bin labarai a waya, wai da gaske ne za a bar talaka ya riƙe bindiga?" Na ce Kawu ina ka ji wannan, ya ce a kasuwa ake ta faɗa. Daga nan fa hira ta ɓarke har kusan sha biyun dare, kuma tun da ya koma abin yake cina a rai, shi ya sa na ce bari dai in rubuta.

Shi ra'ayinsa a fili yake. Ya ce ɓarayin daji suna shigo musu da AK, su kuma abin da ke hannunsu harbi-ka-ruga ce, ka ɗura mata albarushi ka harba sau ɗaya sai ka sake tsayawa ɗuri, kafin nan an gama da kai. Ya ce shekara biyu da suka wuce a wani shinge aka ƙwace tasa yana dawowa daga gona, sai da dangi suka yi ta zirga-zirga kafin a sake shi, bindigar kuma har yau ba ta dawo ba. Wallahi da yana faɗa sai da idona ya ciko, don na san mutumin nan ko kazar wani bai taɓa ɗauka ba.

Toh amma ban yarda da shi ba kan a raba ma kowa, kuma na faɗa masa cikin ladabi. Na ce Kawu ka yi haƙuri, nan Kaduna ce fa. Mu da muka ga rikicin 2000, muka ga na 2002, muka ga na bayan zaɓen 2011, ga na Zangon Kataf tun 1992 da iyayenmu ke ba mu labari, yawancin ɓarnar da aka yi da adda da gora da fetur aka yi ta, kuma har yau garin nan bai gama warkewa ba, kowa ya san yadda mutane suka rabu wasu suka koma wancan gefen kogi wasu suka dawo wannan gefen. Yanzu a ce kowane gida a Tudun Wada da Sabon Tasha da Kawo da unguwar Television akwai bindiga a ƙarƙashin katifa, ranar da wani ya kunna wata jita-jita a WhatsApp fa? Ga ƴan sara-suka da muke fama da su a unguwanni, yaran da wuƙa kaɗai ta ishe su tayar ma unguwa hankali. Ni dai abin yana ban tsoro sosai.

A 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya fito ya ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga su kare kansu, babban hafsan tsaro na lokacin Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Kuma a doka haka ne, don maganar makami ta gwamnatin tarayya ce. Dokar bindiga da muke amfani da ita tun 1959 aka yi ta, tun kafin mu samu ƴancin kai. Ta kasa bindigogi gida uku: manyan na yaƙi irin su AK sai da izinin shugaban ƙasa, irin na farauta masu baki ɗaya ko biyu sai da lasisin Sufeto Janar na ƴan sanda, na gargajiya irin ta kawuna kuma kwamishinan ƴan sanda na jiha ke ba da izini. A takarda tsaf abin yake. Amma je ka tambayi manomi a Kidandan ko Kuyello ta ina ake fara neman lasisin, wane ofis, nawa ne, wata nawa ake jira. Ba wanda ya taɓa zuwa ya yi musu bayani, sai ranar kamu kawai suke jin akwai doka.

Sai kuma hukuncin, nan ne raina ya fi ɓaci. Dokar fashi da makami ta 1984, wadda aka yi zamanin soja, ta ce wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba ya biya tarar naira dubu 20 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko a haɗa masa duka biyun. Dubu ashirin fa! A 1984 kuɗi ne mai yawa, yau kuwa ba su taka kara sun karya ba. Kuma sama da shekara arba'in kenan adadin na nan zaune. Mai kuɗi dubu 20 ba komai ba ce a wajensa, talakan da ba shi da lauya shi zai ruɓe a gidan yari yana jiran shari'a.

Ni a ganina gyaran da ya kamata majalisa ta yi, ta bi bindigar ta koma inda ta fito. Yaron da ke daji da AK a kafaɗa ba shi ya ƙera ta ba, ba shi ya tsallako da ita boda ba, harsashin da yake ɓarnatarwa kuma kullum sai an kai masa sabo. Wani ne ke zaune cikin gari, yana sallah sahu ɗaya da mu, yana cusa harsashi cikin buhun masara ko ƙarƙashin kujerar mota yana aikawa. Tun bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011 makamai ke kwararowa ta Sahel, ta ruwa ma ana shigo da su, a 2017 kwastam sun kama bindigogi 661 a Legas, a 2024 suka kama 844 a tashar Onne ta jihar Ribas. Sannan rahoton Odita Janar na tarayya na 2019 ya ce makamai da harsasai 178,459 ba a san inda suke ba daga ma'ajiyar ƴan sanda, a ciki har da AK 88,078. Duk lokacin da na tuna wannan adadin sai in tuna harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, in tuna ɗaliban Afaka da na Greenfield, in tuna yaran makarantar Kuriga da aka kwashe a Maris 2024. Mai safarar makami da jami'in da ya sayar da abin da aka ba shi amana, su ya kamata hukunci mafi tsanani ya hau kansu, ɗaurin rai da rai ba zaɓin tara, a ƙwace duk abin da suka tara da kuɗin jinin nan, kuma a sa wa'adi a gama shari'ar cikin watanni, mu ji hukuncin a rediyo kamar yadda muke jin kamun. Don gaskia mun gaji da ganin an jera mutane gaban kyamara da bindigogi a ƙasa, daga nan shiru kake ji.

Eh na san a 2024 shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kula da ƙananan makamai, akwai ma cibiya ta ƙasa da aka kafa tun 2021 don wannan aikin ƙarƙashin ofishin mai ba da shawara kan tsaro. Madalla da hakan. Amma kawuna bai taɓa jin sunanta ba, kuma shi ne mutumin da abin ya shafa.

Su irin su Kawu kuma ba na ce a bar su hannu rabbana ba ne. Maharba da ƴan banga na ƙauye a yi musu rajista a gaban hakimi da dagaci, waɗanda suka san ɗan wane ne wane, a buga ma kowace bindiga lamba, a rubuta sunan mai ita, a rubuta harsashi nawa aka ba shi, a horar da su, ga hukumar ƴan sintiri ta jiha KADVS tana nan sai a rataya su a ƙarƙashinta. Wanda ya ɗauki bindigar ya je ya rama gayya a rugar da ba ruwanta, ko ya harbi mutum a kasuwa don zargi kawai, shi ma doka ta hau kansa daidai da ɗan ta'adda, don mun ga yadda irin wannan ramuwar ta ƙara hura wutar a Zamfara. Maƙeran da ke ƙera na gida su ma a san da su a rubuce, ba sai an bar su suna aiki a ɓoye suna sayar ma duk wanda ya zo da kuɗi ba.

Da na gama zuba Kawu ya yi shiru can, sai ya ce, "Ɗana, duk na ji, amma kafin ƴan majalisan naku su zauna, daren gobe fa wa zai tsare mana gari?" Na ce Kawu Allah ne mai tsarewa, ya ce haka ne. Da safe na raka shi tashar Kawo ya hau mota, na ce in ya isa ya yi min filashin. Sai bayan la'asar wayata ta yi ƙara, sannan na iya cin abinci.