Wasan laka da canka: yadda ake haɗa kwalinsa da abubuwan da ke lalata shi

Kwalin wasan da ba komai a cikinsa sai takarda da roba zai iya shekara biyar a kan kanta, a buɗe shi a same shi yadda aka rufe. Na laka da canka ba ya wannan haƙurin. A cikinsa akwai abu ɗaya da ke bushewa, ko ya yi danƙo, ko ya yi funfuna, kuma domin wannan abin ne mai saye ya ba da kuɗinsa. Shi ya sa mu masu haɗa shi muke ba curin laka lokacin da ba ma ba allo da kwali.

Wasan kansa ba shi da wuyar bayani. Iyali su rabu rukuni-rukuni. Mutum ɗaya ya zaro kati, ya karanta kalmar da ke jiki a ɓoye, ya gina abin da laka ba tare da ya yi magana ko ya rubuta harafi ba, 'yan rukuninsa su yi ta canka kafin lokaci ya ƙare. In sun dace, ɗan abin da ke wakiltar rukuninsu ya matsa gaba a kan allo.

Wanda zai shiga sana'ar ya kamata ya san inda dokokin suka samo asali, don kada ya ɗauki wadda ba ta dace da gidajen da zai sayar wa ba. A Jamus, Klaus Teuber, wanda sana'arsa ta asali haɗa haƙoran roba ce, ya fitar da Barbarossa, kuma wasan ya ci kyautar Spiel des Jahres, wato gwarzon wasan shekara, ta 1988. A can kowa yana gina nasa tun farko, sauran su riƙa tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a, wanda ya canka daidai ya soka ƙaramar kibiya a jikin ginin. Hikimar tana wajen maki: in an gane gininka da wuri ka yi asara, in an daɗe ba a gane ba ma ka yi asara, riba tana tsakiya. A Amurka kuma, Richard Tait da Whit Alexander, tsofaffin ma'aikatan Microsoft, suka fitar da Cranium a 1998, inda ginin laka yake ɗaya daga cikin ayyuka da yawa, ana tsere da agogon yashi. Shagunan kofi na Starbucks ne suka fara yaɗa shi, kafin kamfanin kayan wasa na Hasbro ya saye kamfanin Cranium a 2008. Tsarin Barbarossa ya fi zurfi, amma yana son mutane kaɗan masu natsuwa. Falon da ya tara kaka da jikoki da baƙin Sallah, tsarin tsere da agogo ne ke riƙe shi, don ba wanda ke zaman jira.

Laka iri uku ce ke gaban mai haɗawa. Yumɓun ginin tukwane shi ne mafi arha kuma mafi daɗin gini, amma ba ya shiga kwali: yana ɓata kafet da tufafi, yana tsagewa in ya sha iska, kuma in an rufe shi da danshi ya daɗe sai ya yi wari. Ta biyu ita ce lakar mai, irin Plasticine da malamin zane William Harbutt ya ƙirƙiro a garin Bath na Ingila a 1897. Ita ba ta bushewa ko kaɗan, wannan ne babban amfaninta. Aibinta zafi: kwalin da ya wuni a bayan mota a watan Afrilu, za a buɗe a tarar ta yi laɓe-laɓe, manta ya ratsa takarda ya bar tabo a kati. Da safiyar hunturu kuma takan yi tauri har yaro ya kasa murza ta sai an ɗumama ta a tafin hannu. Ta uku lakar fulawa da gishiri ce, dangin Play-Doh, wanda asalinsa abin goge takardar bango ne a garin Cincinnati na Amurka kafin a fara sayar da shi a matsayin kayan wasa a 1956. Ita ce ƙaramin kamfani zai iya dafawa da kansa, kuma ita ce ta fi bukatar a san kanta.

Ga ma'aunin tukunya ɗaya: fulawa giram 250, gishiri giram 280, ruwa mililita 480, man gyaɗa ko wani man girki babban cokali biyu, ruwan lemun tsami da aka tace babban cokali biyu, sai kalar abinci. A auna da sikeli, kada a dogara da kofi ko gwangwani, don fulawar da aka danna da wadda aka zuba sako-sako ba nauyinsu ɗaya ba. Kalar a ruwa ake zuba ta kafin a haɗa da gari. In aka bari sai an sauke, za ta fito da zane-zane, hannun mai murzawa kuma ya rine. A dama komai a tukunya tun ba a ɗora ba har gudaji su mutu, sannan a ɗora a kan wuta ƙasa-ƙasa ana tuƙawa kamar tuwo. Cikin minti uku zuwa biyar zai haɗe ya saki jikin tukunya. Da zarar ya daina sheƙin ɗanyen ƙullu, a sauke. A juye a kan tire, a bari ya huce yadda hannu zai iya taɓawa, a murza na kamar minti biyar. Abin da zai fito ya kusa kilo ɗaya, wato curi goma sha shida masu giram 60, kayan kwali huɗu ke nan in kowane kwali na rukuni huɗu ne.

Giram 60 ba a banza muka tsaya a kai ba. Ƙasa da haka, ba a iya gina turmi da taɓaryarsa a gan su daga ɗaya gefen tabarma. Sama da haka, mai gini yakan ɓata rabin lokacinsa wajen mulmulawa.

Yawancin matsalolin lakar fulawa daga gishiri suke, kuma ba a iya rage shi sosai, don shi ne ke hana ta ruɓewa. Ruwa mililita 100 ba ya narkar da abin da ya wuce giram 36 na gishiri, saboda haka a ma'aunin nan akwai wanda ba zai narke ba duk yadda aka dama. In gishirin mai tsakuwa ne, za a ji shi yana ƙaras-ƙaras a yatsa, kuma siririn abu kamar mariƙin buta zai riƙa karyewa. Maganinsa a niƙa gishirin ya zama gari, a tankaɗe. Da hunturu, curin da aka bari a buɗe yakan yi farin ɓawo a sama, gishiri ne ya fito bayan ruwa ya tafi. In ba a makara ba, ɗigon ruwa kaɗan da murza suna dawo da shi. Da damina abin juyawa yake: in danshin iska ya haura kashi 75 cikin ɗari, gishiri yakan jawo ruwa daga iska, lakar ta yi gumi ta riƙa manne wa hannu. Tukunyar watan Agusta tana son a rage mata ruwa kaɗan a kuma ƙara mata minti ɗaya a wuta. Funfuna kuwa kusan kullum daga gaggawa take: an rufe laka da sauran ɗuminta, tururi ya taru a murfi, ya ɗiga ya kwanta a kanta. Sai ta huce sarai ake naɗe ta a leda, a matse iska, a sa a robar da murfinta ke kamawa da ƙara. Leda kaɗai ba ta isa, roba kaɗai ma haka.

Dole a rubuta a bayan kwali, da manyan baƙaƙe, cewa ba a ci. Wannan ba don cika ƙa'ida ba ne kawai. Gishirin da ke cikin curi ɗaya ya isa ya cutar da ƙaramin yaro, kuma launinta da laushinta suna kama da alewa. A rubuta cewa akwai alkama a ciki saboda waɗanda jikinsu ba ya karɓarta, kuma wasan ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne, don 'ya'yan da ake turawa a allo suna iya shaƙe su. Kada a kuskura a rina laka da garin fenti ko shunin kasuwa da ba a san abin da ke cikinsa ba. Hannun da ya murza ta shi ne zai ɗauki cincin.

Bayan laka, sai kalmomi, kuma a nan ake gane wanda ya gwada wasansa da wanda ya zauna ya cika takarda kawai. Kalmar kirki ita ce mai siffar da za a iya fitarwa cikin minti ɗaya da launi ɗaya. Tsani, ludayi, fartanya, carbi, murhu mai duwatsu uku, kwaɗo da makulli, rumbu, tabarau, duk suna ginuwa. Lemo da tumatir da ƙwallo kuwa duk mulmulallen curi ne, ba abin da zai raba su in babu launi, sai a yi ta ihu ba a dace ba. Randa da tulu ana iya sa su, amma a layin masu wuya, don bambancinsu a wuya da baki yake. Kowane kati mukan sa masa kalma uku, mai sauƙi ta yara, matsakaiciya, da mai wuya ta manya, don a zauna wasa ɗaya ba tare da an ware kowa ba. Duk kalmar da mutum uku daban-daban suka gina a gwaji ba a canka ba, a cire ta komai daɗinta.

Akwai abu biyu da wanda ya kwafo katunan waje ba zai lura da su ba. Na farko, gidaje da yawa na Musulmi ba sa son a gina siffar mai rai, alhali katunan Turai cike suke da dabbobi da mutane. Kayan gida da na gona da na kasuwa da ababen hawa sun isa su cika kwali har su yi saura, kuma babu uban da zai buɗe ya mayar. Na biyu, abu ɗaya yana da suna fiye da ɗaya: hula da tagiya, babur da mashin, guga da wasaki, burodi da biredi. In ba a rubuta duka a katin ba, za a tsayar da wasa ana musu a kan ko an canka ko ba a canka ba. Haka nan zanen bayan katin, a nisanta shi daga kamannin karta. Abin jefawa irin na lido ma ba lallai ba ne: kalma mai sauƙi taki ɗaya, matsakaiciya biyu, mai wuya uku, allo ya tafi.

Wajen bugawa, girman da aka saba shi ne milimita 63 da 88, a kan kati mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita. Takardar A3 tana ɗaukar goma sha shida a sake har da wurin yanka, don haka takarda bakwai ta ba da kati 112, kalma 336. A shafe su da leda mara sheƙi gaba da baya, domin yatsun da ke ɗaukarsu da maiƙo suke. Kafin a ba da izinin bugu, a karɓi gwaji ɗaya a duba ɓ da ɗ da ƙ harafi-harafi. Salon rubutu da yawa a kwamfutar maɗaba'a ba su da su, sai su fito da ɗan akwati ko su koma baƙin da ba lanƙwasa, ƙofa ta zama kofa a kati ɗari.

Allo ba ya son ƙawa. Kwali mai kaurin milimita biyu, santimita 50 kowane gefe, a ninka huɗu, a ƙarfafa maninkar da tef na yadi daga baya, don nan ne yake fara yagewa. Gida talatin zuwa ƙarshe ya isa zama ɗaya. Kada a bari a yi gini a kansa: a sa faifan roba huɗu, ɗaya ga kowane rukuni. Agogon yashi kuwa a gwada kowane ɗaya da agogon waya, sau biyu, ta kowane kai, saboda masu arha sukan saɓa da daƙiƙoƙi, wasu kuma yashin yakan tsaya in danshi ya shige su. Minti ɗaya ya yi wa manya; in akwai yara, a rubuta a dokar cewa ana juya musu sau biyu.

Laka ita ce ta ƙarshen shiga kwali, ranar da zai fita, ba ranar da aka buga kati ba. A manna kwanan watan dahuwa a gindin kowace roba, a kuma ajiye curi ɗaya daga kowace tukunya a shago, a riƙa buɗe shi duk bayan mako biyu, don in ta fara lalacewa mu riga mai saye sani. A cikin murfin kwalin kuma mukan buga ma'aunin dahuwar gaba ɗaya, kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ke sama, daidai curi huɗu, yadda uwar gida za ta iya sabunta lakar a kicin ɗinta cikin minti goma sha biyar ranar da ta zo ta tarar ta bushe.