Ka Karanta Na Uku Kuwa?

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin durowata, na kwashe 'yan takarduna a leda, na yi sallama da mai gadi. Shekara bakwai ke nan ina shiga wannan gidan rediyon tun kafin rana ta fito. Waɗanda muka yi aiki tare sun san sitidiyon, sun san fankar nan mai kuka da sai an kashe ta kafin a buɗe makirufo, ba sai na ɓata baki a kansu ba. Wata ɗaya nake son in yi magana a kai, Janairun 2022, da littattafai huɗu da na karanta a cikinsa. Na ce huɗu ne saboda haka na faɗa wa masu sauraro a lokacin.

Duk wanda yake Garwa ya tuna watan nan. Gasar cin kofin Afirka ta sauka a Kamaru, aka kawo mana rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau a filin Rumde Ajiya. Baƙi suka cika gari daga Yola da Mubi da Kano, masu moto, wato 'yan acaɓa, suka ninka kuɗi, hazo ya rufe Binuwai, manyan motocin auduga kuma ba su fasa bin titi suna zubar da farin gashi ba. A sashen Hausa mu uku ne. Ɗaya tana jego, ɗaya kuma shef, wato shugabanmu a ofis, ya ɗauke shi ya mai da shi ɗan rakiyar baƙinsa, don haka labaran safe da rahoton filin wasa da sharhin bayan wasa da muryar talla duk suka dawo wuyana. Ga kuma shirina na daren Alhamis, wanda nake ɗauko littafi guda in ba da labarinsa, in faɗi ra'ayina, sannan a buɗe layi.

Tun kafin a fara gasar na shiga ofishinsa na ce, "Shef, a jingine shirin littattafai zuwa Fabrairu mana, taura biyu ba ta taunuwa." Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Ya ce mai shagon da ke ɗaukar nauyin shirin ya riga ya biya kuɗin wata uku, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ladan dai ba aljihuna ya shiga ba, amma ni aka miƙa wa askar.

Alhamis ta farko, 6 ga wata, ban sha wahala ba. Na ɗauko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutun da aka yi a Zariya a 1933. Tun ina yaro na san shi, ƙarami ne, zama ɗaya ake gamawa. Abin da ya ba ni mamaki da na sake karantawa shi ne yaron da aka sace bai tsaya mini a rai ba kamar da. Uwar ce ta hana ni barci, matar da ta bi sawun ɗanta har ta ƙetare hamada, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Da ina ɗan makaranta sauri nake yi in wuce wurarenta in koma kan ayari da raƙuma. Yanzu da nake da 'ya'ya biyu, nan na fi daɗewa.

Na biyu shi na fi ba ƙarfi, kuma a nan girman kaina ya fara, ko da yake ban gane ba sai daga baya. Littafin Djaïli Amadou Amal ne, 'yar Marwa, wanda ya fara fitowa a 2017 da sunan Munyal, wato haƙuri da Fulatanci, daga baya aka sake buga shi a Faransa da sunan Les Impatientes ya ci kyautar Goncourt ta 'yan makarantun sakandare a 2020. Ranar 11 ga wata, Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, gari ya kwana yana busa ƙaho, ni kuwa na dawo gida ƙarfe ɗayan dare na zauna da fitilar waya da ƙamus a gefe. Layi-layi na bi shi, ina ja da fensir. Mata uku ne ke ba da labari, kowace da kashinta, kuma sai a kashi na uku aka ba uwargidan da aka yi wa kishiya baki ta faɗi nata. Na yaba wannan ƙwarai a shirin. Har na ce wa masu sauraro, da muryar malami, kada wanda ya yanke wa uwargida hukunci sai ya ji ta bakinta. Kalmomin nan suna nan a naɗe, an kuma maimaita mini su fiye da sau ɗari.

Na uku ba abin faɗa ba ne, wani ɗan ƙaramin littafin Faransanci ne kan tarihin gasar: an fara ta a Khartum a 1957 da ƙasashe uku kacal, Kamaru ta taɓa karɓar baƙunci a 1972, ta ɗauki kofin sau biyar. A kujerar 'yan jarida na karance shi ana hutun rabin lokaci. Samari suka ji daɗi, mata suka yi ta kira suna cewa ƙwallo ta ishe su haka, a kawo musu littafin Hausa.

To, na kawo musu. Daga cikin littattafan nan na Kano da 'yan kasuwa ke shigo mana da su ta Yola, masu siririyar takarda da hoton mace a bango, waɗanda ake yankawa kashi-kashi. Ba zan faɗi sunansa ko na marubuciyar ba, na riga na zalunce ta sau ɗaya. Kashi uku ne. Na karanta na ɗaya a bayan moto da cikin layin shiga filin wasa, na biyu kuma ranar Lahadi 23 ga wata, daren da Tunisiya ta fitar da Najeriya da ci ɗaya, baƙinmu suka fito daga Rumde Ajiya jiki a sanyaye kamar an dawo daga jana'iza. Na uku yana cikin jakata har ranar Alhamis. Ban buɗe shi ba. Zan iya cewa lokaci ne babu, haka ma na rubuta wa shef daga baya, amma wanda ya sami dare biyu ya bi Faransanci da ƙamus ba zai rasa awa biyu ya karanta harshen uwarsa ba. Raini ne. Na ɗauka na san inda irin waɗannan littattafai ke ƙarewa. A kashi biyun farko an nuna uwargida tana fita da yamma ba a san inda take zuwa ba, ana ganinta tana ƙus-ƙus da wata tsohuwa, amarya kuma tana ta rama da ciwon da aka kasa gane kansa. Me ya rage? Boka, asiri, tonon silili, nadama.

Haka na zauna gaban makirufo ranar 27 ga wata na zuba. Na ce duk kanwar ja ce, marubutan nan ba su da aiki sai shafa wa uwargida kashin kaji. Na kwatanta shi da littafin 'yar Marwa, na ce ku dubi bambancin wanda ya yi karatu da wanda ke rubutun kasuwa. Minti 20 ina wannan.

Da aka buɗe layi, mutum na biyu da ya shigo wata dattijuwa ce daga unguwar Yelwa. Muryarta a hankali, ana jin kukan akuya a bayanta. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta yi mini sannu da aikin ƙwallo. Sannan ta ce, "Ɗana, ka karanta na uku kuwa?"

Da na ce a'a, Hajiya, ban kai nan ba, da yanzu ba na wannan rubutun. Da an yi dariya an wuce. Sai bakina ya riga hankalina, na ce, "Na karanta, Hajiya, tas."

Ta ce, "To madalla. Wa ya sayar da sarƙarsa da 'yan kunne ya biya wa amarya kuɗin asibiti?"

Mai kula da na'ura ya ɗago ya dube ni ta gilashi. Na ga hannunsa ya nufi maɓallin kiɗa, ya tsaya, yana jiran in ba shi alama. Ban ba shi ba. Waɗanda suka ƙirga daga baya sun ce daƙiƙa 11 aka yi ba a ji komai ba sai akuyar nan. A rediyo wannan shekara guda ce. Ita ce ta cece ni, in ceto za a kira shi. Ta ce, "Uwargidan ce, ɗana. Fitar da take yi, wurin dillaliya take zuwa. Mai zuba maganin ƙanwar mijin ce. Ba komai, aiki ya yi maka yawa. Allah ya yi maka albarka." Ta kashe waya.

Kafin gari ya waye an yanko wurin an haɗa shi da maganata ta makon jiya-waccan, inda nake cewa kada a yanke wa uwargida hukunci sai an ji ta bakinta, yana ta yawo a WhatsApp. Ranar Asabar da na je filin wasa Burkina Faso da Tunisiya, wani mai sayar da rake ya ɗaga mini hannu ya ce, "Malam Na Uku, ina gajiya?" Har yau a kasuwa akwai waɗanda ba su san sunana na yanka ba.

Wannan na ci, haƙƙina ne. Wanda har yau bai wuce mini a maƙogwaro ba shi ne na shef. Ranar Litinin na tarar da takardar neman bayani a kan teburina, da hatimi da komai, a ba da amsa cikin awa 48. A taron ma'aikata ya miƙe ya ce shi bai taɓa sanin aiki ya yi mini yawa ba, ƙofarsa kullum a buɗe take, me ya hana in zo in faɗa? Na dube shi, ya dubi bango. Alawus ɗin gasar da aka yi mana alkawari, jaka 40, aka ce an riƙe nawa saboda na zubar da mutuncin gidan. Shirin kuma aka ba wani ɗan ƙanwar matarsa, wanda taƙaitaccen labarin da ake turowa a waya yake karantawa a makirufo, ko littafin bai taɓa riƙewa ba. Shi ba a taɓa kama shi ba, don ya rufe layin kira tun makon farko. Shawarata ga sababbin shiga, kuma ba da wata manufa nake faɗa ba: duk abin da za ka roƙa a ofishin nan, rubuta shi, ka sa kwanan wata, ka riƙe kwafi. Maganar baki a wurin wasu mutane iska ce.

Sauran abubuwan da shekara bakwai suka koya mini ba su da tsawo. Ka girmama mai kula da na'ura fiye da darakta, shi ne zai rufa maka asiri. Kada ka ranta wa abokin aiki caja. In an ce maka "kai ne ginshiƙin gidan nan", ka san wani aikin za a ƙara maka ba kuɗi ba.

Kwana huɗu bayan shirin, wani yaro mai moto ya kawo saƙo bakin ƙofa, a baƙar leda. Kashi na uku ne, nata na kanta, da goro biyu farare. Ban ce masa ina da nawa a jaka ba. Bangon ya sha liƙi da salatif, shafi na 40 da wani abu akwai tabon manja, a gefen wasu shafuka kuma an yi 'yan rubuce-rubuce da ajami, ƙanana kamar sawun tururuwa. Inda aka fara nuna uwargida na kuka ita kaɗai a ɗaki an rubuta "na faɗa muku". A daren na karanta shi. Ba zan ce gwanin littafi ne ba, akwai surutu da yawa, an cika kwatanta leshi da motoci, ƙarshen ma an yi gaggawa. Amma marubuciyar ta shuka alamunta tun daga kashi na ɗaya, sarƙar nan an ambace ta sau uku, sau na ƙarshe wuyan uwargida babu komai. Na wuce ta wurin a bayan moto ban gani ba. Matan Yelwa sun gani, sun yi mako guda suna gardama a kai.

Da na mayar mata da littafin ne na san yadda suke karatu. Bokonta ba ya sauri, jikarta ce ke karanta musu bayan isha'i, su bakwai ko takwas a tsakar gida, ana ɓare gyaɗa. In an zo wurin da ba su yarda ba sai a tsaya, a koma baya, a sake. Na durƙusa daga bakin zaure na ce, "Hajiya, na zo ne in ba da haƙuri, ƙarya na yi miki." Ta ce ai ta sani tun kafin ta kira, muryar wanda ya gama littafi daban take. Ta tambaye ni labarin na 'yar Marwa, na ba ta, ta yi shiru, ta ce wannan ai gidan maƙwabtansu ne aka rubuta da Faransanci.

Tun daga ranar take ba ni aro, amma da sharaɗi. Ba ta taɓa ba ni kashi biyu a haɗe ba. Sai na dawo da na ɗaya, na zauna a zaure na ba ta labari, ta yi mini tambaya biyu ko uku daga bayan labule, sannan ta aiko jikar da na gaba. Wanda ke hannuna yanzu kashi biyar ne, ina na huɗu. Makon jiya na faɗi tambaya ɗaya, ta ce in koma in duba wa ya fara shiga ɗakin kafin a ga kuɗin sun ɓata, ta riƙe na biyar sai Alhamis.