Asabar a filin harbi, da hayaniyar sabon harsashi

Yau na wuni a filin gwajin harbi na ƙungiyarmu, na dawo gida da abin da ke cin raina, shi ya sa na zauna rubutu tun kafin in goge bindiga.

Na isa da sassafe, iska ba ta taso ba. Dattijon da duk muke kira Baba ya riga ni zuwa, ya jera buhunan yashinsa a kan tebur, ya kwantar da tsohuwar bindigarsa mai cin harsashin da ake kira .30-06, wadda katakon gindinta ya koɗe daidai inda kuncinsa ke kwanciya. Can sai ga wani matashi, sabon shiga ƙungiya, da bindiga sabuwa fil mai cin ɗaya daga cikin manyan harsasan nan na milimita 7 da ake yayi. Yaro ne mai ladabi, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Amma da ya fara magana a kan bindigarsa, sai na ji muryar talla ce ke fitowa daga bakinsa. Ya ce, "Baba, ai harsashin nan naku zamaninsa ya wuce. Nawa ba ruwansa da iska, ko a mita 1,000 zai kai dabba ƙasa." Baba ya ce, "To madalla, ɗana. Zauna mu gani."

Muka kafa masa na'urar auna gudun harsashi. Abin da ta nuna ya gaza wanda aka buga a jikin kwali, gazawar da ta sa ya ɗauki kwalin yana jujjuyawa yana sake karantawa. Na ce masa ba ƙarya aka yi masa ba. Lambar da ke jikin kwali yawanci da bututun gwaji mai inci 24 ake auna ta, nasa kuwa gajere ne, inci 20, kuma duk incin da aka datse yana tafiya da wani kaso na gudu, balle a harsashi mai cin albarushi da yawa, wanda ke buƙatar dogon bututu kafin ya gama tura ƙwaya, wato kan harsashin da ke fita daga bindiga. Wannan bayanin yana nan ga mai nema, sai dai ba shi ake ɗagawa sama a bidiyon talla ba.

Ni ba na cikin masu cewa duk sabon abu yaudara ne, kuma na faɗa wa yaron haka. Akwai ci gaba na gaske, amma ba inda ake nuna mana yake ba. A cikin bututun bindiga akwai murɗaɗɗen zane da ke sa ƙwayar harsashi ta fita tana juyawa kamar katantanwa, juyin ne ke hana ta tuntsurawa a hanya. Doguwar ƙwaya mai tsini ta fi ratsa iska, amma tana son juyi mai sauri. Yawancin sababbin harsasan nan sirrinsu ke nan: an matse murɗin bututu, an bar wa doguwar ƙwaya wurin zama. A 1955 kamfanin Remington ya fitar da harsashin .244 da murɗi ɗaya a kowane inci 12, kamfanin Winchester kuma ya fitar da .243 da murɗi ɗaya a inci 10. Na Winchester ya iya riƙe ƙwaya mai nauyi da masu farautar barewa ke so, sai kasuwa ta bi shi. Daga baya Remington ya matse murɗin, a 1963 kuma ya sake wa harsashin suna zuwa 6mm Remington, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ko harsashin 6.5 Creedmoor da ni kaina nake harbawa, kuma nake so, labarinsa bai wuce haka ba. Kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007 don masu gasar harbin nesa. An ɗan gajarta kwanson da albarushi ke ciki yadda doguwar ƙwaya za ta shiga gidan harsashi ba tare da an danna ta can ciki ba, aka sa murɗi ɗaya a inci 8, aka kuma wadata kasuwa da harsasai masu kyau tun daga masana'anta. Aiki ne na hankali. Amma ƙwaya mai nauyin gram 9 da ke fita da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa ba sabon abu ba ce a duniya. Tun 1997 .260 Remington ke yin kusan haka, kuma tun 1894 ake da 6.5x55 a Suwidin da Norwe, wanda mafarautan can suka daɗe suna kayar da manyan dabbobin dajinsu da shi. Haka 6.8 Western na 2021, faɗin ƙwayarsa ɗaya da na .270 Winchester na 1925, murɗi da nauyin ƙwaya aka canza. A tazarar da akasarin mutane ke farauta, ƙasa da mita 300, bambancin faɗuwar ƙwaya tsakanin Creedmoor da .308 Winchester na 1952 bai kai faɗin tafin hannu ba. Sai an yi nisa sosai yake fitowa fili, kuma a can ɗin gaskiya ne yana da amfani, ga mai harbin takarda da faifan ƙarfe.

Dalilin hayaniyar ba boyayye ba ne. Bindigar farauta ba ta saurin mutuwa, wadda aka kula da ita sai ta ga jika. Kamfanin da ya sayar wa mutum .30-06, harsashin da ke aiki tun 1906, ba shi da abin da zai sake sayar masa sai ya sa shi jin cewa abin hannunsa ya gaza. Sabon harsashi kuwa yana jawo sabuwar bindiga, ita kuma ta jawo sabon madubin saiti da kayan ɗura kwanso. Ban ga laifin mai neman kasuwa ba. Abin da nake ƙi shi ne yadda masu bidiyo da mujallu ke maimaita magana ɗaya a mako ɗaya, da yawansu ba tare da sun bayyana cewa kyauta ko aro aka ba su kayan ba.

Wajen hantsi iska ta fara kaɗawa daga hagu, ba mai ƙarfi ba, iyakarta ta ɗaga ƙyallen tuta ta sake. Muka matsa zuwa mita 300, Baba ya ce kowa ya sauka daga tebur ya harba a zaune a ƙasa, gwiwar hannu kan gwiwa, yadda ake yi a daji. Harbin yaron ya warwatse. Baba ya karɓi bindigar ya ce ya juya baya zai ɗura masa, sai ya miƙa masa ita ba komai a ciki. Yaron ya yi saiti, ya ja kunama, ta ce ƙyas, sai ga bakin bindiga ya duƙa ƙasa, idonsa a runtse, kafaɗarsa ta riga ta zabura gaba. Shi da kansa ya gani. Tsoron dukan da bindigar ke yi masa a kafaɗa ya shige shi tun bai sani ba. Baba ya ce, "Ɗana, harsashinka ba shi da laifi, ya dai fi ƙarfin hannunka a yanzu." Na ara masa tawa mai sauƙin duka, nan take harbinsa ya fara taruwa.

Nan ne abin ya fi damuna, don maganar ta wuce takarda. Talla tana sayar wa mutum nisa, shi kuma sai ya ɗauka da ya biya kuɗi nisan ya zama nasa. Wurin da ya kamata ƙwaya ta samu a ƙirjin barewa don ta faɗi ba tare da wahala ba bai wuce santimita 20 zuwa 25 ba. A mita 700 ƙwaya kan yi kusan daƙiƙa guda a hanya. Cikin wannan daƙiƙar dabba na iya ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya, iskar da ke tsakiyar kwari kuma ba ita ce ke taɓa fuskar maharbi ba. Taku ɗaya ya isa ya mayar da harbin ƙirji ya zama na ciki, dabba ta shige duhuwa ta kwana tana shan azaba. Bidiyon da ake yaɗawa na wanda ya dace ne, na wanda ya raunata dabba ta ɓace masa ba ya fitowa. Rai ne, kuma wanda ya ɗauki bindiga ya shiga daji ya ɗauki amanarsa.

Bayan azahar wani ɗan ƙungiya da ya kwana biyu bai leƙo ba ya zo yana bin mutane da tambaya ko akwai mai ragowar kwanson wani gajeren harsashi mai ƙiba da ya saya lokacin da ake yayinsa. Bindigar lafiyarta ƙalau, abin da za ta ci ne ya yi wuya. Irin wannan ya faru da yawa. Guguwar gajerun harsasai masu ƙarfi da ta taso a 2001 ta bar .300 WSM da rai har yau, amma danginsa da suka fi shi gajarta, masu suna WSSM, da suka biyo baya a 2003 sun dusashe cikin ƴan shekaru. Mutumin yanzu yana shawara ko ya canza bututu gaba ɗaya, kuɗin da bai shirya ba. Ga kuma abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba: harsashin da ke ƙona albarushi mai yawa ta ƙaramin rami yana saurin cinye maƙogwaron bututu, don haka wanda ke son yin atisaye sosai, bututunsa zai riga na mai .308 tsufa.

Da magariba ƙanena ya kira. Takardun izininsa sun fito, yana son sayen bindigarsa ta farko, kuma ya riga ya zo da sunan wani harsashi da ya fito bana. Na ce masa ya fara duba wanda ake samu a ko'ina a kowane lokaci, wanda kafaɗarsa za ta jure harbawa da yawa a zama ɗaya, rarar kuɗin kuma ya zuba ta a madubi mai kyau da harsasan atisaye. Ya ce, "Yaya, kai dai ba ka son sabon abu." Bai gamsu ba, na ji a muryarsa. Mun dai tsaya a kan zai zo fili mako mai zuwa ya harba iri uku a zaune a ƙasa, a mita 200, kafin ya biya ko sisi.