Godiya ga Duk Wanda Ya Sa Hannu a Rufin Majami'armu

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu.

Lahadin da ta wuce muka yi sujadar godiya ƙarƙashin sabon rufi, bayan mun shafe damina guda muna addu'a a gindin ɗorawa. Waɗanda suka zo washegarin iskar nan ta farkon damina sun ga yadda ta yi mana. Kwano ta naɗe shi kamar tabarma ta jefa cikin gona, Littattafan Waƙoƙi duk sun jiƙe, sai da matan zumunta suka baza su a rana ɗaya bayan ɗaya, suna ɗora duwatsu a kai.

A asusu babu abin kirki, baikon ƙauye kun san shi. Abokai ne suka yi aikin nan. Wani ɗan mawaƙanmu ya kira abokinsa kafinta da suka yi makaranta tare a Malumfashi, mutumin ya zo da gudumarsa da zartonsa, ya kwana shida a ɗakin soro, ya ce ko sisi ba zai karɓa ba. Samari suka yi gayya suka buga tubali. Mamanmu shugabar zumuntar mata, Allah ya saka miki. Kunun tsamiyar da kike aikowa kafin rana ta fito shi ya riƙe masu aiki, ko da yake kin hana mu faɗa.

Maƙwabtanmu Musulmi, mun gode ƙwarai. Baban da ya ba mu aron amalanke da jakinsa, har ya tsaya yana nuna wa yara yadda ake ɗaure azara, ba mu manta ba.

Baba Fasto ya karanta mana Yohanna sura 1, inda Filibus ya je ya kira Nata'ala ya zo ya gani. Ina zaune ina duba benci, na ga tarihinmu ke nan. Kusan kowa a ikilisiyar nan wani ne ya jawo shi: abokin noma, kishiyar uwa, wadda suke zuwa rijiya tare. Ni kaina abokin kiwona ne ya fara kawo ni makarantar Lahadi, kuma gaskiya waƙa na bi, wa'azin daga baya ya shige ni. Kafintan nan ma ya ce zai dawo Kirsimeti da iyalinsa.

Dattawan ɗarikarmu ta ECWA na gunduma da kuka zo keɓewa duk da lalacewar hanya, da 'yan'uwan da suka turo taimako daga Zariya, Kano da Jos, Ubangiji ya mayar muku ninki.

Saura tagogi da daɓen ƙasa, sai bayan kaka idan an sayar da dawa. Kuma akwai kuloli biyu da tukunya babba da aka bari ranar biki, suna gidan Fasto, mai su ya zo ya ɗauka.