Abin da na koya wajen sauya fitilun mitocin tsohuwar Marsandi zuwa LED

Motar da nake hawa Marsandi 230E ce ƙirar 1989, irin wadda mutanenmu suke kira bi-but saboda yankan murfin but ɗinta, masu ƙera ta kuma suke kiranta W124. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, kuma tun da ta dawo hannuna ban yi sakaci da injinta ko birkinta ba, amma na daɗe ina kawar da kai daga matsalar hasken mitocinta. Abin da ya sa na daina kawar da kai shi ne wata tafiya da na yi daga Zariya zuwa Kano bayan sallar isha'i a tsakiyar bazara, inda na riƙa sunkuyawa ina kusantar da fuskata ga sitiyari domin in ga inda allurar zafin inji ta tsaya. Duk wanda ya riƙe tsohuwar mota a irin zafinmu ya san cewa wannan allura ita ce take gaya masa ya tsaya kafin inji ya ƙone, don haka rashin ganinta da dare ba ƙaramin haɗari ba ne.

Kafin in taɓa komai sai da na nemi fahimtar yadda aka tsara hasken. Na yi zaton akwai ƙwai da yawa a bayan lambobin, ashe ƙwai biyu ne kacal masu wat 3 kowanne suke haska dukkan fuskar mitocin. Suna zaune ne ta baya daga sama, kuma wasu sandunan roba masu kama da gilashi ne suke ɗauko haskensu su kawo shi gaba, su zuba shi a kan lambobi da allurai. Wannan tsari yana da kyau muddin komai yana da tsabta, amma idan shekaru suka ja, abubuwa da dama sukan taru su cinye hasken. Zaren da ke cikin ƙwan yakan riƙa ƙonewa a hankali yana barin baƙi a jikin gilashinsa, ƙurar hunturu takan kwanta a kan sandunan, rana kuma takan kashe launin allurai, su tashi daga ruwan lemo su koma fari-fari. A tawa motar na tarar da wata ɓarna ta daban, domin wani da ya taɓa gyaran ya sa ƙwai masu wat 5 yana neman ƙarin haske, zafinsu kuma ya narkar da bakin sanda ɗaya har ya yi baƙi.

Wannan ɓarna ce ta tabbatar mini da cewa LED, wato ƙwan fitila na zamani marar zare, ya dace da wurin. Ƙwan zare yana mayar da mafi yawan wutar da yake ja zuwa zafi ne, ɗan kaɗan ne kawai yake zama haske, alhali LED yana jan wuta kaɗan kuma ba ya gasa abin da ke kusa da shi kamar yadda zare yake yi. Ba tanadin wutar batir nake nema ba, domin ƙwai biyu masu wat 3 a kan bolt 12 ba su wuce rabin amfiya ba, kuma babu altanetar da za ta ji nauyin wannan. Abin da nake nema shi ne haske mai kyau wanda ba zai ƙara lalata robar da samunta ya fara wuya ba.

Cire akwatin mitocin bai ɗauki lokaci ba. Na fara kwance wayar batir ta nagatib, sannan na lanƙwasa wayoyin ƙarfe biyu na zura su a gefe da gefe na jawo akwatin a hankali, tun da ba noti ne yake riƙe da shi ba, matsewa ce kawai. A bayansa akwai kebul ɗin mitar gudu, da siririn tiyon iska na allurar da ke nuna shan mai, da babban soket mai zagaye, sai kuma ƙananan ƙwai na fitilun gargaɗi a jere. Na ɗauki hoton bayan da wayata kafin in zare ko waya ɗaya, kuma ina ba duk mai niyyar wannan aiki shawarar ya yi haka, domin idan soket ɗin fitilar birki ya shiga ramin fitilar mai, mota za ta riƙa ba mai ita labarin da ba shi ne ba.

Ƙwan da na fara saya ba su yi ba. Sun yi tsawo har suna taɓa sandar, kuma haskensu fari ne mai ratsin shuɗi, irin wanda ake rubuta wa 6000K a jikin kwali, lambar da take nuna launin haske, babba tana karkata ga shuɗi, ƙarama ga rawaya. Dalilin wannan shuɗi yana cikin yadda ake yin farin LED ɗin kansa, domin asalinsa shuɗi ne aka lulluɓe shi da wani sinadari mai launin rawaya, haɗuwar biyun ce ido yake gani a matsayin fari. Shuɗin LED ɗin nan shi ne ya sa aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Idan sinadarin bai yi yawa ba sai shuɗin ya rinjaya, kuma a kan fuskar mita da aka tsara domin hasken zare mai kusan 2700K, wannan haske yana kashe launin allurai, ya mayar da jan layin gargaɗi wani abu mai duhu da ba ya jan ido. Na koma na nemo gajeru masu 3000K, waɗanda suke fitar da haske ta kai da kuma ta gefe. Akwai kuma batun juyi, wanda yake rikita mutane da yawa. Wuta ta fuska ɗaya kawai take bi ta cikin LED, saboda haka idan aka sa ƙwan bai kama ba, sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, zare shi za a yi a juya shi a mayar. Wannan ya sa ya kamata a haɗa soket a kunna ƙananan fitilu a gwada kafin a tura akwatin cikin mazauninsa.

Babban kuskurena ya biyo bayan wannan nasara ne. Da na ga hasken ya yi kyau, sai na ce bari in sauya dukkan ƙananan ƙwai na fitilun gargaɗi gaba ɗaya, har da mai hoton batir. Washegari da safe na tayar da mota, fitilar batir ba ta mutu ba kamar yadda ta saba, sai da na taka totur sosai inji ya yi ƙara sannan ta ɗauke. Na yi zaton altaneta ce ta fara gajiya, na tafi wurin wani dattijo mai wayarin da ya daɗe yana duba motar tun zamanin mahaifina. Ya ɗora mitarsa a kan batir inji yana silo, ya ga bolt 12 da 'yan kai ne, alhali ya kamata ya ga wajen 14. Bai taɓa altanetar ba, sai ya tambaye ni abin da na sauya a kwanan nan. Da na gaya masa, sai ya ce: "Ɗana, wannan ƙwan ba ado ba ne, shi ne yake tayar da caji." Na ce: "Baba, ƙwan da bai kai ƙwayar gyaɗa ba?" Sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

Altaneta ba ta da maganaɗisu na dindindin a cikinta, wuta ce take mayar da abin da ke juyawa a tsakiyarta ya zama maganaɗisu. A motoci da yawa na wancan zamani, wutar farko da take fara wannan aiki tana tasowa ne daga makulli, ta ratsa ta cikin zaren ƙwan fitilar batir, ta isa wurin da aka rubuta D+ a bayan altaneta. Wucewar wannan wuta ce take kunna fitilar idan an murɗa makulli kafin a tayar da inji. Da zarar altaneta ta fara bayar da tata wutar, ƙarfin wutar ɓangarorin ƙwan biyu yakan daidaita, sai fitilar ta mutu. Ƙaramin ƙwan zare mai wat 1.2 yana barin kusan kashi ɗaya cikin goma na amfiya ya wuce, mai wat 2 kuma ya fi haka, amma ƙaramin LED ɗan kaɗan ne daga wannan yake bari, kuma bai isa ya tayar da cajin ba sai inji ya yi gudu sosai. Wanda bai lura ba zai iya yin kwanaki yana yawo cikin gari a cunkoso batir yana zubewa, ya je ya sayi sabon batir ko ya sa a kwance altaneta mai lafiya. Ana iya magance wannan ta hanyar haɗa rizisto, wato ɗan abin da yake ƙayyade yawan wutar da ke wucewa, a gefen LED ɗin domin wutar ta sami hanya, amma ni ban ga amfanin ƙara abin da zai riƙa zafi a bayan mitoci ba saboda fitilar da ba ta wuce daƙiƙa kaɗan a kunne a kowace tafiya. A ranar na mayar da ƙwan zare a dukkan ramukan gargaɗi, caji kuma ya dawo tun daga silo.

Da na sake tunani sai na ga cewa tun farko babu hujjar taɓa su. Fitilun gargaɗi ba sa daɗewa a kunne, saboda haka ba sa baƙi kuma ba sa narkar da komai. Wanda duk da haka yake son sauya na sigina ko na dogon haske, ya sayi LED mai launin gilashin da ke gabansa, kore a bayan kore, shuɗi a bayan shuɗi, domin farin LED a bayan gilashi mai launi yakan fito a koɗe.

Saura maganar maɓallin rage haske, wanda ake murzawa a jikin gilashin mitocin. A cikinsa akwai wata siririyar waya da aka naɗe kamar sifirin, kuma tsatsa takan kama ta har haske ya riƙa ɗaukewa gaba ɗaya, shi ya sa masu gyara da yawa suke tsallake ta da guntuwar waya su huta. Ni na goge tawa na mayar, amma dole in faɗi gaskiya cewa ba ta aiki da LED kamar yadda take yi da ƙwan zare. An auna ta ne da yawan wutar da zare yake ja, kuma tun da LED kaɗan yake ja, murzawar ba ta rage masa ƙarfi sosai. Wannan ne ya sa nake ganin zaɓen ƙwan da haskensa yake daidai tun daga kanti ya fi muhimmanci a kan komai, kuma a nan nake saɓa wa masu neman wanda ya fi kowanne haske. Idon direba da dare yana sabawa da duhu ne, kuma mitoci masu ƙyalli suna hana shi wannan sabo. A hanyoyinmu da babu fitilun titi, inda babbar mota takan lalace a bar ta da ganye kawai a bayanta a matsayin alama, ko shanu su ratsa ba zato, ina son idona ya kasance a kan kwalta, mitoci kuma su kasance abin da zan saci kallo in gane nan take.

Kafin in rufe akwatin na wanke sandunan da ruwan sabulu mai ɗumi, na goge bakin wadda ta ƙone gwargwadon abin da zai yiwu, na kuma shafa wa allurai sabon fenti ruwan lemo da ɗan siririn buroshi. Ina ganin wannan wanki da fentin sun kawo kusan rabin gyaran da nake gani yanzu, domin ko da tsofaffin ƙwan na gwada bayan wankin sai da hasken ya ƙaru. Ɓangaren dama, inda sandar ta narke, har yanzu ya ɗan fi na hagu duhu, kuma ina neman akwatin mitoci na irin motar a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci domin in ciro sanda mai lafiya. A makon jiya na sake bin hanyar Zariya da dare, kuma daga inda nake zaune, ba tare da na sunkuya ba, na ga allurar zafi tana tsaye kaɗan a saman 80 har na shigo Kano.