Dalilin da ya sa na zaɓa wa 'yata suna Rufaida

Ranar da aka raɗa wa 'yata suna sai da maroƙi ya shigo cikin gida sau uku kafin mata suka ji sunan daidai. Farko yace Rufa'atu, aka turo yaro daga waje yace a'a ba haka bane, ya dawo yace Rufa'ida, nan ma aka ce da saura, a na ukun ne dai ya daure yace Rufaida. Ina ɗaki da ita a cinya ina jin komai, sai ga Goggon maigidana ta ɗaga labule tace "ke 'yar nan, wannan kuma wane irin suna ne, ina Hauwa ina Hadiza?" Nace Goggo sunan sahabiya ne. Tace to Allah ya raya, amma ita dai Lami za ta riƙa kiranta tunda ranar Alhamis ta zo.

Ita ce 'yata ta uku. Ta farko sunan mahaifiyar maigidana ta ci muna kiranta Ummi, ta biyu ta ci sunan Hajiyata muna ce mata Walida, to da wannan ta zo bayan ya yi mata huɗuba sai ya juyo yace wannan karon ke za ki zaɓa. Ban yi ko minti ɗaya ina tunani ba, domin sunan ya kai wata biyar a cikin raina.

Ina da cikinta wata huɗu Hajiyata ta kwanta asibiti, kwana goma sha ɗaya muka yi a ɗakin mata, ni da ƙanwata muna karɓa-karɓa. Wani dare wajen ƙarfe biyu allurar ƙarin ruwan ta goce, hannun ya kumbura, ga shi an ɗauke wuta ba a tada janareta ba tukuna. Nas ɗin da ke aikin dare ita kaɗai ce a kan marasa lafiya sun fi ashirin, na je na kira ta ina ɗar-ɗar domin na ga yadda ta gaji, amma wallahi ko tsaki bata yi ba, ta taso ta miƙo min wayarta tace haska min nan. Jijiyar Hajiya ta ɓuya saboda rama, ta nema a hannun dama babu, ta koma na hagu, ta riƙe tafin hannun a cikin nata tana murzawa a hankali tana cewa "sannu Mama, yanzu za mu samu, sannu", ta fi minti ashirin a durƙushe a kan siminti har ta samu. Da ta gama ta gyara mata zani ta rufe mata ƙafa sannan ta wuce gado na gaba inda wata ke kiranta. Ni kuwa na koma kan tabarmata na kasa barci, kuma a daren ne wani darasi da malaminmu na Islamiyya ya taɓa yi mana tun ina budurwa ya dawo min, labarin matar da ke da tanti a masallacin Madina.

Sunanta Rufaida, daga ƙabilar Aslam, shi ya sa ake ce mata Rufaidatul Aslamiyya. A shekara ta 5 bayan hijira, wato 627 miladiyya, aka yi yaƙin Khandaƙ wanda muke ce wa yaƙin gwalalo, lokacin da rundunoni suka yi wa Madina ƙawanya. A nan ne aka harbi Sa'adu bin Mu'azu shugaban ƙabilar Ausu da kibiya, ta same shi a babbar jijiyar hannu, irin raunin da jini baya son tsayawa. Sai Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam ya yi umarni a kai shi tantin Rufaida da ke cikin masallacinsa domin ya riƙa duba shi daga kusa. Ibn Ishaƙ da ya kawo labarin ya siffanta ta da cewa tana yi wa masu rauni magani, kuma ta ba da kanta don neman lada wajen yi wa duk wani musulmin da ba shi da mai kula da shi hidima. Imam Bukhari ma ya ambace ta a Al-Adabul Mufrad, inda ya zo cewa Annabi SAW in ya wuce da yamma yakan tambayi Sa'adu yaya ka wuni, da safe kuma yaya ka kwana. Daga wajen jinyar nan aka ɗauko Sa'adu a kan jaki ya je ya yanke hukuncin Banu Ƙuraiza, bayan nan raunin ya fashe ya rasu, shi ne sahabin da hadisi ya tabbata cewa Al'arshi ya girgiza saboda mutuwarsa.

Abin da littattafan farko suka rubuta a kanta bai wuce 'yan layuka ba, har ma Ibn Sa'ad a nasa littafin ya kira mai tantin da suna Ku'aiba 'yar Sa'ad, ita ma Ba'aslamiya. Amma ni 'yan layukan nan sun ishe ni. Ku duba fa, shugaban ƙabila guda, mutum mai wannan daraja, da ya ji ciwo ba a ce a kai shi gidansa ba, hannun mace aka damƙa shi, kuma ba a bayan gari ba, a cikin masallacin Annabi. Sannan wannan kalmar ta "wanda ba shi da mai kula da shi" ita ce ke taɓa min zuciya, domin duk wanda ya taɓa kwana a asibiti ya san akwai gadon da ba a zuwa dubiya, ba kwanon abinci ba flas ɗin shayi, sai dai maƙwabtan gado su ɗan miƙa masa. Irin waɗannan take nema.

Kuma ba ita kaɗai bace. Ummu Aɗiyya tace ta fita yaƙi bakwai tare da Annabi SAW tana dafa abinci tana yi wa masu rauni magani tana jinyar marasa lafiya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu tace suna shayar da mutane ruwa suna ɗauko waɗanda suka ji rauni. A Uhudu Nana Faɗima ce ta ƙona guntun tabarma ta liƙa tokar a raunin mahaifinta jinin ya tsaya. Rufaida dai ta fita daban ne saboda tana da wuri tsayayye da aka san ana kai mara lafiya, shi ya sa da yawa ke kiranta nas ta farko a musulunci. Florence Nightingale da duniya ta sani, wadda ake bikin ranar ma'aikatan jinya ranar haihuwarta 12 ga Mayu, a 1854 ta tafi jinyar sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya. Tsakaninta da tantin Rufaida shekara dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai. Ba ina rage mata komai bane, ta yi aiki babba, amma ya kamata 'ya'yanmu su san duka biyun.

Yanzu ma'anar sunan, domin shi aka fi tambayata. Asalinsa Larabci ne, daga haruffa uku ra, fa, dal. Rifdu shi ne kyauta ko tallafi, rafada kuma ya taimaka, ya tallafa, ya tokare abu kada ya faɗi. Rufaida siga ce ta ƙanƙantawa wadda masu nahawu ke ce wa tasgiri, kamar yadda Hasan ya zama Husaini, Abdu ya zama Ubaidu, zubda ta zama Zubaida. Larabawa suna yin haka ne don nuna so, kamar mu ce 'yar lele. To Rufaida kamar ka ce 'yar kyauta, ko 'yar tallafi. Daga tushen nan aka samu rifada, wato ciyar da alhazai da Ƙuraishawa ke yi a Makka tun kafin musulunci, aikin da Hashimu kakan mahaifin Annabi ya riƙe. Daga nan kuma ake kiran Iraƙi ƙasar Rafidaini saboda kogunan nan biyu Dijla da Furatu da ke shayar da ita. Wanda ya fi ba ni mamaki ranar da na gano, har yau a Larabci ƙyallen da ake ɗorawa a kan ciwo a danne shi sunansa rifada. Mace mai ɗaure ciwo kuma sunanta daga tushe ɗaya da ƙyallen ɗaure ciwo, na daɗe ina jujjuya wannan a raina.

Akwai kuskure biyu da na ci karo da su tun ranar suna, gara in warware su a nan. Na farko masu rubuta Rufa'ida da ɗaurin nan a tsakiya suna zaton macen Rufa'i ce. Ba haka bane, Rufa'i da Rufa'atu da Rafi'a daga ra, fa, ain suke, ma'anarsu ɗaukaka, gidansu daban. Na biyu ya fi nauyi. Wani ƙanin babana mai karatu ne daidai gwargwado ya kira ni a waya cikin damuwa yace ya ji sunan yana kama da Rafida, kalmar da ake jifan 'yan Shi'a da ita, kada mu sa wa yarinya sunan da za a riƙa yi mata wata fassara. Na ji daɗin yadda ya damu, amma na yi masa bayani cewa wancan da harafin lodi yake ƙarewa, wanda Larabawa ke ce wa dad, ma'anarsa ƙin abu, namu kuwa dal ne. Kuma ma bakin Bahaushe ya daɗe da raba haruffan nan biyu, wancan harafin l muke mayar da shi, shi ya sa muke cewa alƙali da alwala da farilla da larura da Murtala, shi ya sa ma ake cewa Rafilawa. Dal kuwa yana nan a d ɗinsa, kamar a Sa'ida da Hamida da Zubaida. Yace to Alhamdulillahi, ya sa mata albarka.

Batun yaɗuwarsa kuwa, a sa'o'in Hajiyata ban taɓa jin mai sunan ba ko ɗaya, a ajinmu na sakandare ma babu, mu dai A'isha huɗu Fatima uku Zainab da Maryam ba a magana, sai an haɗa da sunan uba ake gane wa ake kira. Yanzu ne cikin yaran Islamiyya nake ɗan jinsa jefi-jefi, tare da su Nusaiba da Juwairiyya da Khaula, sunayen sahabbai mata da karatun sira ya dawo mana da su. A Kano kam da yawa a jikin robar yogot suka fara ganin sunan, shi ya sa a ranar sunan ma sai da wani ya ambata. Rubutun ma kowa da nasa, Rufaida, Rufaidah, Rufayda, duk abu ɗaya ne. A wasu ƙasashen an fi mu saninta, a birnin Delhi na Indiya akwai kwalejin koyon jinya mai sunanta a jami'ar Jamia Hamdard.

Ban ƙi sunayenmu na gado ba ko kaɗan, 'ya'yana biyu suna ɗauke da su kuma ina alfahari. Abin da ke damuna shi ne yadda yanzu ake ɗauko suna a Facebook ko a fim don kawai ya yi daɗi a kunne, in ka tambayi uwar ma'anarsa sai tace ita ma gani ta yi. Alhali kakanninmu ko laƙabi basa sawa haka kawai, Kande da Delu sun zo bayan maza, Tasalla ta zo da salla, Azumi ta zo cikin azumi, kana jin sunan ka san labarin. Ni ma abin da nake so kenan, in ta girma ta tambaye ni in sami abin faɗa mata.

Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana ci min rai. Mutum zai kai matarsa haihuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana faɗa shi lallai mace yake so ta duba ta, kuma yana da gaskiya, amma shi ɗin ne in 'yarsa ta gama sakandare tace tana son makarantar nas zai ce a'a, wai aikin dare, wai mutane za su yi magana. To 'yar wa za ta yi? Matar da ta durƙusa a gaban Hajiyata ƙarfe biyun dare ita ma 'yar wani ce, wataƙila ta baro nata yaran a gida. Na san akwai masu faɗa da masu wulaƙanci a cikinsu, na gani da idona, amma na ga wannan ma. Ban ce dole 'yata ta zama nas ba, wannan na Allah ne, amma in ta zo min da maganar ba zan hana ta ba, kuma na riga na faɗa wa babanta tun yanzu, yace Allah ya kai mu.

Hajiya ta warke Alhamdulillahi, ita ta zauna min wankan jego ma. Da na gaya mata dalilin sunan shiru ta yi tana kallon bayan hannunta inda tabon allurar yake, sannan tace Allah ya yi wa yarinyar nan albarka duk inda take. Bayan na yi arba'in na ƙulla dabino da alawa da cincin a leda na goya Rufaida muka je asibitin, na shiga ɗakin matan na kwatanta ta, doguwa baƙa mai tabarau, suka ce an mayar da ita wani asibitin wata biyu da suka wuce. Na bar musu ledar nace su raba. Ɗaya daga cikinsu ta zagayo ta buɗe mayafin goyon tana yi mata wasa, ta tambaye ni sunanta, na faɗa mata, ta maimaita daidai tun a karon farko.