Aikin injina na V8: makon zaɓen kamshaf

'Yan uwa masu koyo, mako uku ke nan ina zagaye a kan abu ɗaya, jiya dai na yanke shawara. Injin nan Chevrolet 350 ne, mai lita 5.7, irin Vortec ɗin da aka fara sa wa manyan motocin GM a 1996. Na wanke shi, an gyara silinda, fistin da ringi sun zauna. Saura kamshaf, wato sandar nan mai tozaye da ke buɗe bawul-bawul na injin.

Da farko kunnena na bi. Ina son irin rurin nan da injin tsere yake yi a sulo, yana tangal-tangal kamar zai mutu. Sai na ɗora ido a kan kamshaf mai digiri 240, tazarar tozo 108, wato digirin da ke tsakanin tozon bawul na shiga da na fita. Malam, wanda nake koyo a garejinsa, ya duba takardar ya ce, "Yaro, wannan motar a ina za ka tuƙa ta?" Na ce cikin gari. Ya miƙo min takardar bai ƙara ko uffan ba.

Da na zauna na fahimci nufinsa. Digirin nan shi ne tsawon lokacin da bawul yake zama a buɗe, ana auna shi daga ɗagawar inci 0.050. In ya yi yawa, ƙarfin injin yakan gudu can sama inda yake juyawa da sauri, ƙasa kuma ya zama lagwani. In tazarar tozo ta matse, bawul na shiga da na fita sukan daɗe a buɗe tare, zuƙar iska ta ragu a sulo, alhali da ita birki yake samun taimako. Ga giyata otomatik ce, matsin injin kuma, wato yadda fistin yake matse iska a silinda, 9.4 ne kawai. A cunkoso da zafin rana, wahala zan saya da kuɗina.

Abin da ya fi ɗaukar min lokaci shi ne ɗagawa, wato nisan da tozo yake tura bawul ya buɗe. Kan injin Vortec yana shaƙar iska da kyau, amma ba ya ɗaukar ɗagawa mai yawa sai an yi masa aiki. Na cire sifirin ɗin bawul, na riƙe bawul da yatsa, na sauke shi a hankali har mariƙin sifirin ɗin ya taɓa robar da ke tare mai. Agogon awo ya nuna inci 0.510. Na maimaita a bawul huɗu don hankalina ya kwanta. In an bar sararin 0.060, iyakata 0.450 ke nan. Don Allah ku auna naku, kada ku ɗauki lambata.

Na tsaya a kan kamshaf mai digiri 212 a shiga, 218 a fita, ɗagawa 0.447, tazara 112, mai tayar nan da ke birgima a kan tozo, tunda da irinsa injin ya zo.

In ya iso, zan manna laka a kan fistin, in ɗaura kan inji, in juya injin da hannu sau biyu, in yanka lakar in ga kaurinta, don sanin sararin da ke tsakanin bawul da fistin. Ina neman aƙalla 0.080 a shiga, 0.100 a fita. Sai na ga haka zan ɗaure komai, in sha Allahu.